Wanda Ya Fito Shi Kaɗai

Shi ya fara ganin ruwa na shiga ramin haƙar ma'adinai, in ji tsohon, kuma shi kaɗai ya fito da rai. Shekara arba'in yana ba da labarin nan a bencin shagon aski, ana matsa masa wuri.

Yau wani baƙo mai ɗingishi ya ɗago daga kujerar aski ya ce, "Ɗan'uwa, ai ni ma ina ciki."

Duk ido ya koma kansa. Tsohon ya zaro tsohuwar jaridarsa mai labarin hatsarin, ya danna yatsa kan kalmar Turanci ɗaya da ya sani a duniya.

"Mai aski, gaya masa ma'anarta."

"Kai kaɗai, Baba."

"Gaskiya ne," in ji baƙon. "An buga ta kafin a tono ni. Kwana huɗu na yi ina ƙwanƙwasa dutse."

Tsohon ya san wannan ƙwanƙwasar. Ya ji ta a bayansa ranar da ya fito, bai waiwaya ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Amma abin da ya fi ci masa rai yanzu, shi wuni ɗaya kacal ya yi a ramin.

Ya ninke jaridar a hankali. "Duk mai ja, ya nuno mana tasa takardar."