Man Giyar da Kashim Ya Ƙi Canzawa

Wata uku ke nan motar Kashim tana yi masa gargaɗi, shi kuwa ya toshe kunne. Da safe in ya sa giyar gaba a ƙofar gidansa da ke unguwar Bulumkutu a Maiduguri, sai ta yi jim, sannan ta fizga. In rana ta yi zafi kuma, sai injin ya yi ta kuka kafin giya ta shiga.

Shekara ashirin Kashim ya yi yana jan tasi mai kuloci kafin ya sayi wannan mai giyar atomatik, don haka a ganinsa babu abin da wani zai koya masa a harkar mota. Gardama kuwa, Allah Ya ba shi!

Wata rana ya kai ta wajen Dzarma, bakanikensa, don a canza baƙin mai. Dzarma ya zaro sandar gwada man giya, ya goga a farin tsumma, ya miƙa masa.

“Malam Kashim, shinshina ka ji. Wannan man ja ya kamata ya kasance. Dubi yadda ya koma, har ƙauri yake yi. Mu tsiyaye shi yau, mu canza matatar, mu zuba irin wanda motar take sha.”

Kashim ya yi dariya. “Kai Dzarma, ka raina ni! Kowa a tasha ya san man giyar atomatik ba a taɓa shi. Ranar da ka buɗe ta, ranar ka kashe ta.”

“Wallahi zancen tasha ne wannan. Masu faɗin haka sai giya ta gama ƙonewa suke kawo ta, sannan su ɗora wa sabon mai laifi. Taka da sauran numfashi.”

“Rufe min mota, malam. In ta yi gardama a tura ta.”

“Wannan ba ta jin turi,” in ji Dzarma. Ya rufe bonet.

A shekarun nan ne hanyoyin Maiduguri suka zama abin tsoro saboda ƴan ta da ƙayar baya. Mahaifiyar Kashim, wadda ake kira Ya Gumsu, tana garin Konduga, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ƙi barin gonarta. Da raɗe-raɗin hari ya yi yawa, sai ta aiko masa cewa ya zo ya ɗauke ta. A lokacin ba a bin hanyar sai cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya jiran kowa.

Lafiya lau ya isa da sanyin safiya. Ya ɗora mata buhun gero da ƙullin kayanta, ya zaunar da ita a gaba. Sai dai kafin ayarin komawa ya tashi, sun fi awa biyu a layi, a matsa kaɗan a tsaya, rana tana dukan mota. Giya ta ɗauki zafi tun ba a fara tafiyar ba.

Sun yi nisa cikin daji sai motar ta fara rage gudu, ana barin ta a baya. Kashim ya taka totur, injin ya kwarma ihu, gudu bai ƙaru ba. Ya sake takawa. Ƙauri ya cika motar, ta gangara gefen titi ta tsaya. Ya sa giyar gaba, ya sa ta baya, duk ɗaya. Injin na aiki, ƙafafu ba sa juyawa.

Motoci suka yi ta wucewa, kowace maƙare da mutane. Ya ɗaga hannu har ya gaji. Kada ku zagi direbobin nan, jama’a, kowa ransa yake ɗauke da shi. Motar sojoji ta ƙarshe ma ta wuce, wani daga ciki yana yi masa alama da hannu ya bar wajen.

Kashim ya sa kafaɗa yana tura motar shi kaɗai, gumi na zuba. Can sai Ya Gumsu ta kira shi.

“Kashim, tsaya. Ka ji ƙarar babura?”

Ya ji. Daga cikin daji suke tahowa.

“Hau bayana, Ya. Zan goya ki.”

“Ka goya ni mu je ina? Maza suke kashewa. Ni tsohuwa me za su yi da ni? Ka gudu, kana da ƴaƴa biyar.”

“Ba zan bar ki ba.”

“Na ce ka tafi! In ka tsaya ban yafe maka ba.”

Kashim ya gudu. Yana kuka yana gudu, har ya faɗa wani kwazazzabo ya kwanta. Daga nan ya hango hayaƙi ya tashi.

Washegari ya dawo tare da sojoji. Motar ta ƙone ƙurmus, amma babu gawa a ciki, babu a kusa. Ya bi sansanonin ƴan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya da hoton tsohuwar a hannu, babu wanda ya gan ta. Har yau Kashim bai karɓi gaisuwar ta’aziyya daga kowa ba, domin bai san ko uwarsa tana raye ko ta rasu ba.

Ƴan’uwa masu mota, giyar atomatik da mai take rayuwa. Ku duba shi, ku canza shi a kan lokaci da irin wanda ya dace, ku bar jin zancen tasha. Mota takan yi gargaɗi a ƙofar gida, amma ba ta zaɓen inda za ta mutu.