Abin da Ke Ƙirjin Davou

"Ƙara wuta, Baban Gyang! Takwas ta kusa!"

Davou ya murɗa babur, iskar Vom tana yankar fuska kamar reza. A bayansa, matarsa Kangyang sai karkarwa take yi, rabi sanyi, rabi tsoro. Kwana uku ke nan takardun jarrabawar 'yan ajinta sun ɓace a gida. Ta birkice ɗaki, ta ɗaga katifa, har ta yi cacar baki da maƙwabciya, wai akuyarta ce ta cinye su. Hedimasta ya ce ko takardu yau, ko ta nemi wani aikin. Kunya ta hana ta gaya wa mijin, ta ce masa taron malamai ne.

Wajen Kuru haƙoranta suka fara kaɗawa. Davou ya taka birki.

"Me kuma? Mu je mana!"

"Sanyi zai kashe min ke, Maman Gyang. Ba ki ga ni ko gezau ba? Dabararmu ce ta 'yan acaɓa."

Ya zuge jaket, ya zaro damin takardu daga ƙirjinsa, da ɗuminsu. "Ungo, cusa a rigarki. Sun fi jarida tare iska."

Ta kalli ta sama. Jan biro, rubutun hannunta, sha bakwai bisa ashirin. Ta ƙirga takardun, ba su cika ba.

"Davou, arba'in da biyu ne. Ina sauran?"

Ya washe baki. "Haba, kin san ba ni da rowa. Duk 'yan tasharmu sun samu, har albarka suke sa miki."