Labarin da Ya Sa Malam Mainasara Kuka

"Wuce shi," in ji Malam Mainasara. "Wannan ko akuya aka jefa wa sai ta kau da kai."

Matarsa Zubaida ta ɗora takardun a kan tulin waɗanda suka faɗi, ta ɗauko na gaba.

Shekara da shekaru shi ne alƙalin gasar gajerun labarai ta marubutan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Aikin sa kai ne, ba a biyansa, shi ma bai taɓa nema ba. Tsoron da ake yi masa ya ishe shi lada. Ya taɓa ce wa wata malamar firamare, Shamsiyya, a bainar jama'a, ta ajiye biro ta koma tuyar awara, kuma daga ranar ba ta sake rubutu ba. Ko a gidansa marubuci ɗaya ne, tun farkon aure ya tabbatar da haka.

Abin da ba wanda ya sani, in ban da matarsa, shi ne idon Malam ya tafi. Yana ganin inuwar mutum, amma harafi sai dai labari. Baƙin tabarau da ɗaure fuska ne suka rufa masa asiri. Ya san ranar da ƙungiyar marubutan ta gano, ranar za a sauke shi, ga shi Isa sakatare ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Saboda haka kullum bayan la'asar sai a turo ƙofa, Zubaida ta karanta, shi ya yanke hukunci. Labaran ba suna a jikinsu, sai lamba.

"Sha bakwai," ta ce. Takarda biyu ce a maƙale da juna. Ta ɗan kalli mijinta, sannan ta fara.

Labarin wata tsohuwa ne da ke biyan masunta a madatsar ruwa ta Tiga su kai ta tsakiyar ruwa, daidai inda take zaton kabarin mahaifiyarta yake, tun kafin ruwa ya shanye garinsu. Malam ya gyara zama yana jiran kuskure, kamar mage a bakin rami. Kuskure bai zo ba. Rana ta yi sanyi, ɗakin ya fara duhu, ga ba wuta, amma Zubaida ba ta tsaya neman tocila ba. Ba a jin ko motsin takarda, sai muryarta.

Da ta kai inda tsohuwar ta tsoma hannu a ruwa ta yi sallama, Malam ya zare tabarau. Mutumin da bai yi hawaye ba ranar jana'izar ƙaninsa, sai ga shi yana share ido da bakin riga.

"Wannan ne," ya ce. "Rubuta masa na ɗaya."

Ta rubuta, ta kama yatsansa ta ɗora inda zai sa hannu.

Ranar ba da kyauta zauren taro a Tudun Wada ya cika maƙil. Malam ya miƙe ya yi ta zuba yabo, abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce tunda yake alƙalanci bai taɓa cin karo da irinsa ba, kuma duk wanda bai ga darajar wannan labari ba, makaho ne.

Isa ya sanar da mai lamba sha bakwai: Muzammil, wani saurayi daga Kafin Maiyaki. Ya fito cikin mamaki, don shi kansa bai sa rai ba. Al'adar gasar ce wanda ya yi nasara ya karanta labarinsa da bakinsa, sai aka miƙa masa takardunsa.

"Wata rana wani kyakkyawan saurayi mai mota goma ya haɗu da wata kyakkyawar budurwa mai ido kamar fitilar mota…"

Wani ya tuntsire daga baya. Kafin yaron ya juya shafi, budurwar ta suma sau uku, zauren kuma ya kece da dariya. Wadda ta fi kowa ƙyaƙyatawa Malama Shamsiyya ce. Aka fara raɗa: ko ɗan'uwan Malam ne, ko kuwa an gan shi da ɗan abin goro? Muzammil ya ƙarasa, ya tsaya kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

"Ba shi ba ne!" Malam ya daka tsawa. "An sauya takardun!"

Isa ya tako a hankali, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. "Allah ya gafarta Malam, ga lambar, ga kuma sa hannunka. Amma duba da kanka, ka karanta mana layin farko."

Malam ya karɓa. Ya kawo takardar dab da hancinsa, ya daɗe yana motsa leɓe. Mutanen layin gaba suna kallon rubutun ɓaro-ɓaro, don bayan takardar ne ke fuskantarsa, fari fat.

Dariya ta ɗauke. Shirun da ya biyo baya ya fi ta muni.

Zubaida ce ta riƙo hannunsa ta fito da shi, yau ba sauran abin ɓoyewa. Da suka yi nisa da zauren, sai ya juyo gare ta.

"Ke, ina labarin tsohuwar? Wace takarda kika karanta mini?"

"Takardun yaron nan na riƙe, Malam, amma ko layi ɗaya ban karanta ba," ta ce, tana kauce da shi daga wani rami. "Labarin nawa ne, wanda ka cusa a murhu satin da na tare, ba ka ko buɗe shi ba."