Na'ura Mai Baki Biyu

An ce na'urar hasashen ambaliya ta Zariya ba ta kuskure, kuma ta ce bana ambaliya ba za ta ci shinkafar fadamar Haɗejiya ba. Na gaji da "an ce". Kafin in zuba ragowar irina, na sa jikana injiniya, mai aiki da ita, ya maimaita mata tambayar.

Ya dawo da wata amsa daban.

"Maigida, baki biyu gare ta?"

Ya murza ido. "Kaka, akwai yaren kwamfutar da ba ya goge abin da ya rubuta, tambaya ɗaya amsa ɗaya. Ya yi wa na'urarmu nauyi. Namu yaren a kan ragowar lissafin baya yake ɗorawa, shi ya sa amsa ke canzawa."

"Sau nawa kuka tambaye ta kafin ku ce gari ya shuka?"

"Sau ɗaya."