Mai Riƙe Zanin Gado

"Anti, ɗaga shi sama kaɗan. Yauwa, haka!"

Auta ta danne dariya. Shekara uku ke nan Anti, matar yayanta, tana cinye musu hoton gida: ta sha kwalliya, ta shige tsakiya, kowa ya koma ɗan rakiya. Yau Auta ta shirya mata. Ta jera iyali a gefen taga, ta miƙa wa Anti farin zanin gado, ta tsayar da ita can inda kyamara ba ta kaiwa.

"Shi zai mayar da haske fuskar Baba. Wannan aikin sai mai tsayi irinki."

Anti ta karɓa ba musu.

Ƙyas! Auta ta tura hoton zauren dangi tana rawar jiki.

Saƙon Goggo ne ya fara shigowa: "Tubarkalla! Ta cikin madubin nan ta fi kowa haske."

Auta ta buɗe hoton. Ga Anti a madubin bango, daidai saman kan Baba, hasken taga ya wanke mata fuska, har da kashe ido ɗaya.

"Yaushe aka kawo madubi falon nan?"

Anti ta ninke zanin a tsanake. "Ni na rataye shi, tun jiya da na ji kina cigiyar farin zani."