Karkataccen Fure

"Zo ki ga aikin gwanaye, sarkin tsoro!" in ji Yaya, yana miƙo min wayarsa.

A wasan harbin da ya ce ba na irina ba ne, ya musanya bindigarsa ta zinare da wata mai adon shuɗɗan furanni. Ni na zana adon a ɓoye, na kai kasuwar wasan.

"Dubi karkataccen furen nan. Mutumin nan ƙwaro ne!"

Umma ta leƙo, ta fashe da dariya, ta zare matashin da ya jingina da shi. Ga furen nan, inda allurarta ta kauce, yadda na kwafo shi.

Yaya ya dubi matashin, ya dubi wayarsa, sannan ya juyo gare ni.

"Ranki ya daɗe... akwai mai jajayen furanni?"