Ɓacewar Sufeto Muzuru

Ranar Asabar da hantsi, matarsa Sachie na fita cefane, Tadokoro Fumiaki ya taka kujera ya tura sabon kwali can saman kabad, bayan bargunan sanyi. Kwalin ya shige sumul. Kullum haka yake shigewa, shi ya sa Fumiaki yake yaba wa maginan da, waɗanda suka san darajar lungu.

Akawu ne a wani kamfanin inshora a Tokyo, ya haura hamsin, ba giya ba caca. Ciwonsa ɗaya, Sufeto Muzuru, wani namijin mage ɗan sanda mai ido ɗaya na fim ɗin zane da aka daina nunawa tun yana firamare. Kowane mutum-mutumin Sufeto ya gani, uku yake saya: na kallo, na ajiya, na ko-ta-kwana. Ba ya buɗe ko ɗaya, don a wurin masu tarawa kwalin da aka buɗe ya mutu. Na kallon ma kwalinsa ake kallo.

Da can shagunan unguwar Nakano yake bi, har baƙi suka yi musu caa farashi ya haukace. Ana haka ya ci karo da wani mai sayarwa a intanet, wai shi Dattijo Kurage. Dattijon ba ya ragin ko yen ɗaya, amma ya san abin da ran Fumiaki yake so kamar a cikinsa yake kwana. Ba ya fito da kaya sai washegarin albashi. Ga sauri: ka biya da safe, da yamma kwali yana jiranka a akwatin saƙo na ƙasan bene, yana ƙamshin kafur irin na gidan da ake tsafta.

A gida kuwa kuɗin nan wasu sunaye suke amsawa. Yau gudummawar biki, gobe ta'aziyyar abokin aiki, jibi likitan haƙori.

"Baban Riko, wai haƙoran nan naka guda nawa ne?" Sachie ta taɓa tambayarsa.

"Tsufa ne."

"To sannu. Ka dai riƙa zuwa, kar ka fasa."

Mace ce da ba ta ƙorafi. Da ɗan abin da yake ba ta ta sauya firiji, ta biya wa 'yarsu Riko jami'a, har ta kai mahaifiyarta wankan ruwan zafi a Hakone. Fumiaki kan ba abokan aikinsa labarin tattalinta, kunya na ɗan cizonsa.

Wannan Asabar, yana tsaye kan kujera, sai kewar Sufetonsa na farko ta kama shi, mai usur na zinariya. Ya sauke bargunan da Sachie ta hana shi taɓawa saboda ciwon baya. Ya janye kwalayen gaba. Hannunsa ya daki bango.

Ya sake laluba. Bango dai. Inda ya kamata ɗaruruwan Sufetoci su yi sahu, 'yan kwalayen da suka rage ba su cika kwandon wanki ba. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya leƙa har cikin tukunyar shinkafa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ɗauki waya zai kira 'yan sanda, ya fasa. Za su zo har falo, su tambaye shi kuɗin kayan a gaban Sachie, kuma ba haƙorin da zai cece shi. Ya mayar da barguna ya zauna.

Sachie ta dawo ta jera masa shinkafa da gasasshen kifi da miyar miso.

"Lafiya? Fuskarka kamar takarda."

"Haƙori ne."

Ta juya wajen wanke-wanke. Shi kuwa ya sa waya ƙarƙashin tebur, ya rubuta wa mutum ɗaya a duniya da zai fahimci irin wannan rashi: "Dattijo, ɓarayi sun kwashe ni. Rayuwata ta tafi. Ko kana da mai usur na zinariya? Ko nawa ne zan biya."

Ya aika. Famfo ya daina zuba. Fumiaki ya ƙura wa wayar ido har amsa ta shigo:

"Akwai shi, sau huɗu ke nan kana sayensa. Amma fara shanye miyarka, Baban Riko, tana hucewa."